Ɗaki Mai Ƙofa Biyu

A ofishin sashenmu na Hausa akwai wata tsohuwar kwamfuta da ta riga kowane ɗalibi a cikinmu zuwa wannan jami'a. Tana zaune a kusurwa, tsakanin kabad ɗin littattafai da tagar da ba ta rufuwa sosai, kullum lulluɓe da wani ƙyallen atamfa, domin kuwa a nan Kudu danshi ya fi ƙura ɓarna. Da ita ake buga takardun sashe, a cikinta ake tara rubuce-rubucen wannan mujalla kowace shekara, kuma a cikinta muka ajiye muryoyin dattawan Sabo da muka shafe wata bakwai muna bi gida-gida muna naɗa. Mu shida ne a kwamitin mujalla a shekarar 2023. Abin da za mu ba da labarinsa ya same mu ne gaba ɗaya, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗe shi da baki ɗaya. Akwai kuma dalili na biyu, wanda mai karatu zai gano da kansa in ya yi haƙuri.

Manhajar da ke tafiyar da na'urar ba Windows ba ce. Bayan da aka daina sabunta Windows 7 a watan Janairu na 2020, ta ci gaba da jan ƙafa har zuwa lokacin da wani ɗan'uwanmu mai karatun kimiyyar kwamfuta, wanda muke kira Injiniya, ya shigo kwamitin ya zuba mata Linux, wato manhajar nan ta kyauta da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Linux iri-iri ce, shi kuwa Injiniya sai ya zaɓi wadda ake kira Arch, wadda wani mutumin Kanada mai suna Judd Vinet ya ƙirƙiro a 2002. Ingarman doki ne, amma ba na koyon hawa ba, don an gina ta ne a kan zaton mai ita ya san abin da yake yi. Mu dai abin da ya dame mu shi ne ta daina nauyi, sa'an nan ga haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fita ba tare da wahala ba. Malam, wanda ke kula da mujallar, yakan tuna mana cewa a zamaninsu da tafireta ake bugawa, kana a bi kowane shafi da biro ana lanƙwasa haruffan ɗaya bayan ɗaya, wanda aka tsallake kuwa sai ƙasa ta koma kasa.

Ranar Litinin 19 ga Yuni, saura kwana tara Babbar Sallah, muka hallara da sassafe don kwashe shafukan mujalla mu kai maɗaba'a. Mai maɗaba'ar ya riga ya gaya mana cewa in Juma'a ta wuce bai ga aikin ba, to sai bayan Sallah, bayan Sallah kuwa jarrabawa ce, daga nan uku daga cikinmu sun gama karatu ke nan. Aka yaye atamfa, aka danna maɓalli. Rubutun da ke gudu a allo duk safiya, wanda ba mu taɓa tsayawa mun karanta ba, ya gudu kamar kullum, sai dai a tsakiyarsa wata jar kalma ta gifta: FAILED. A gabanta an rubuta Failed to start Load Kernel Modules. Kafin mu gama haɗa baki a kan abin da muka gani, allon ya buɗe yadda ya saba, ga jakunkunan fayil ɗinmu nan reras. Muka yi ajiyar zuciya, ashe da sauran rina a kaba.

Muka cusa filashi, shiru. Muka canza rami, muka canza filashi, shiru. Muka ce to a tura ta intanet, sai muka ga alamar intanet ɗin ma ta ɓace ɗungurungum, kamar ba a taɓa yin ta ba. Ɗayanmu ya buɗe jakar muryoyin dattawa ya danna ta wani tsoho, fatake na goro da ya zo Kudu a jirgin ƙasa tun yana saurayi, wanda Allah ya yi wa rasuwa cikin azumin wannan shekarar. Layin da ke nuna tafiyar murya ya kama tafiya, amma ko tari ba mu ji ba. Wannan ne ya fi tayar mana da hankali, domin hira ce ta awa uku, kuma wayar da aka naɗe ta da ita an riga an share ta don a sami wuri. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, ga shi muna kallonsa kamar mai kallon kayansa a cikin shagon da aka garƙame.

Ba a daɗe ba aka fara tambayar da aka saba yi a irin wannan hali: wa ya taɓa ta a ƙarshe? Ƙaramarmu, ɗalibar aji biyu da muke kira Auta, ta ce ita ce. Ranar Juma'a da yamma ta sami ragowar data a wayarta da ke shirin ƙarewa, sai ta tuna Injiniya ya taɓa cewa na'urar ta daɗe ba a sabunta ta ba, ya kuma rubuta umarnin sabuntawar a wata takarda ya liƙa a bango. Ta jona wayar, ta buga umarnin, ta jira har ya kammala, ta kashe, ta lulluɓe. Ba mu zage ta ba, ba mu ɗaga mata murya ba. Abin da muka yi ya fi haka ciwo. Edita ya ce, "Auta, da kin tambaya." Wani ya ce abin da ke aiki lafiya ba a taɓa shi. Daga nan muka juya mata baya muka dunƙule a gaban allo, ita kuwa ta koma kan benci kusa da ƙofa ta zauna, ba wanda ya sake neman ra'ayinta a ranar.

Injiniya ba ya nan. Yana wani gari mai nisa wajen horon sanin makamar aiki, kuma a inda yake ba a barin su da waya sai dare. Don haka muka shiga lalube da ɗan abin da muka tsinta a wurinsa. Mun san cewa idan Linux ta tashi, akwai wata manhaja mai suna systemd da ke zama kamar uban gida, ita ke tayar da sauran hidimomi ɗaya bayan ɗaya, wannan na agogo, wannan na intanet, wannan na allo. An fito da ita a 2010, Arch kuma ta rungume ta a 2012. Mun kuma san umarnin da ke nuna hidimar da ta gaza. Muka buga, sai ga sunanta: systemd-modules-load. Muka ce ga ɓarawo. Muka ba ta umarnin ta sake tashi, ta faɗi. Muka sake, ta faɗi. Muka kashe na'urar muka kunna ya fi sau goma, har da zare waya daga bango a ƙirga talatin, wai ko ta huce. Can da la'asar wani a cikinmu ya binciko a wayarsa cewa ana iya rufe bakin hidima gaba ɗaya yadda ba za ta ƙara tashi ba balle ta faɗi, jar kalmar kuma ta ɓace. Har an fara buga umarnin, sai aka ɗauke wuta. Ba mu taɓa zaton za mu gode wa ɗaukewar wuta ba.

Washegari muka yi karo-karo muka sayi lita biyu ta fetur don ƙaramin janaretan sashe, a lokacin da bai fi mako uku da cire tallafin mai ba, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu. Muka kuma ɗauko wani mai gyara daga cikin gari. Mutumin kirki ne, kuma bai yi mana ƙarya ba. Ya duba ya ce shi wannan irin manhajar ba ta cikin abin da ya saba, abin da zai iya shi ne ya wanke faifan tas ya zuba sabuwa, kafin azahar an gama. Muka tambaye shi fayil ɗinmu fa? Ya ce zai gwada cire faifan ya kai shago ya kwashe abin da ya kwasu, amma tsarin da aka rubuta su da shi kwamfutarsa ba ta karanta shi kai tsaye, don haka ba zai ɗauki alkawari ba. Biyu daga cikinmu suka ce a yi, tunda yawancin marubuta suna da kwafin rubutunsu, a bi su a karɓo. Aka kai maganar gaban Malam.

Malam bai san komai game da Linux ba, kuma bai yi kamar ya sani ba. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce, "Wannan abin da kuka ce ya faɗi, ya faɗa muku dalilin faɗuwarsa?" Edita ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na'ura ce." Malam ya ce ya san na'ura ce, amma tunda ta iya rubuta cewa ta gaza, da wuya a ce ba ta rubuta abin da ya kayar da ita ba, kuma shi bai ga amfanin shekarun da muka yi muna koyon nazarin matani ba idan layi ɗaya ya gagare mu karantawa. Ya ce kada a wanke komai sai ya ji amsa. Muka sallami mai gyara da kuɗin motarsa.

Gaskiyar Malam ce. Systemd tana da rajista da take rubuta duk abin da ya faru tun daga kunnawa har kashewa, ana buɗe ta da umarnin journalctl. Da muka nemi abin da ta rubuta a kan hidimar, sai ga layuka suna cewa an nemi wani mojul ba a iya gano shi ba, da wata magana a ƙarshe, Function not implemented. Ba mu fahimci duka ba, amma mun fahimci abu guda: hidimar aike aka yi mata, ta je ta tarar babu abin da aka aike ta ɗaukowa, ta dawo ta faɗi gaskiya. Kwana guda da rabi mun bar jaki muna dukan taiki.

Daga kan benci Auta ta ce, "Yaya, ko in kawo littafina?" Ashe ranar Juma'a, da rubutun sabuntawa ke wucewa, ta kwafi wasu layuka a bayan littafin darasinta, don in Injiniya ya dawo ta nuna masa ta yi daidai. A cikinsu akwai layin da ke cewa linux ta tashi daga 6.1 zuwa 6.3. Muka tambayi na'urar, da umarnin uname, wace ƙwaya ke aiki a cikinta a wannan lokacin. Ta ce 6.1. Muka leƙa jakar da ake ajiye mojul, muka tarar da jaka ɗaya kacal, an rubuta mata 6.3.

A nan sai mun ɗan tsaya mun yi bayani, kamar yadda Injiniya ya yi mana a waya da daren nan, mu biyar mun kewaye wayar Edita, janareta na kuka a waje. Ƙwayar manhaja, wadda ake kira kanel, ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da duk sauran manhajoji. Amma ba ta jin harshen kowane ƙarfe da kanta. Tana da tafintoci, su ne mojul: wannan ya iya harshen katin intanet, wannan na sauti, wannan na filashi. Kowace ƙwaya kuma da nata tafintocin, waɗanda aka yi su tare da ita, ba ta karɓar na wata ko da ƙanwarta ce. A tsarin Arch, idan sabuwar ƙwaya ta zo, akan sallami tafintocin tsohuwar a zaunar da na sabuwar. To, ga tsohuwar ƙwaya ta farka ranar Litinin ta tarar an sallami mutanenta, waɗanda ke gidan kuwa ba nata ba ne. Abin da ya sa allo da madannai suka yi aiki shi ne, akwai wani ɗan ƙunshin guzuri da ake ajiyewa tare da ƙwayar, mai ɗauke da tafintocin da ba a iya tashi sai da su. Da wannan guzurin ta kai mu har bakin fayil ɗinmu, daga nan ta tsaya.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce ta fi ɗaure kai. Me ya sa tsohuwar ƙwaya ta farka, alhali an kawo sabuwa? Injiniya ya ce mu duba jakar da ake kira /boot, inda ƙwaya ke zama. Muka duba, ga sabuwar nan, da kwanan watan Juma'ar da ta wuce. Edita ya ce to ai ga ta nan, komai daidai. Injiniya ya ce mu karanta masa duk abin da ke cikin jakar. Muka karanta, bai fi fayil uku ko huɗu ba. Ya ce babu wata jaka mai suna EFI? Babu. Babu loader? Babu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce mu buga findmnt /boot. Muka buga. Na'urar ba ta ce komai ba, ta dawo da mu sabon layi kawai. Wannan shirun shi ne amsar da muka kwana biyu muna nema.

Faifan kwamfutar an raba shi yanki biyu. Babban yanki shi ke ɗauke da manhaja da duk fayil ɗinmu. Ƙaramin, wanda bai wuce megabayit 512 ba, shi ne ɗakin tashi, kuma ɗaki ne mai ƙofa biyu. Ƙofar waje ta manhajar nan ce da aka dasa a jikin na'ura tun daga masana'anta, wadda ake kira UEFI. Da an danna maɓalli ita ke shiga ta wannan ƙofa, ta tayar da abin da zai ɗauko ƙwaya, ba ruwanta da abin da ke faruwa a cikin gida. Ƙofar ciki kuwa ita ce /boot, ta nan ake shigar da sabuwar ƙwaya idan ta zo. Sai dai wannan ƙofa ba ta buɗewa cikin ɗakin sai an jona yankin da ita a kowace tashi. In ba a jona ba, jakar tana nan da sunanta, tana karɓar duk abin da aka sa mata, ba ta musu, illa dai abin yana zama ne a babban yanki. Kamar a ce labule ne a bakin ƙofar da aka toshe da bulo: mai kawo abinci ya ɗaga labule ya ajiye akushi ya tafi, yana ganin ya kai, mai shiga ta ƙofar waje kuwa ba ya tarar da komai sai ɗumamen da ya bari. Abin da ya faru ranar Juma'a ke nan. An kawo sabuwar ƙwaya lafiya lau, an ajiye ta a bayan labule.

Akwai fayil mai suna fstab, wanda a cikinsa ake jera yankunan da za a jona a kowace tashi, kowanne da lambarsa ta shaida. Injiniya ya ce mu buɗe shi mu karanta masa layin /boot, sa'an nan mu buga blkid mu karanta lambar ƙaramin yankin ta ainihi. Lamba ce gajera, harafi da adadi takwas da ɗan layi a tsakiya. Biyun ba su yi kama ba ko kaɗan. Aka ci gaba da karanta layin har ƙarshe, sai mai karatun ya kai ga wata kalma ya furta ta yadda ya gan ta: nofail. Muka ji Injiniya ya yi salati a hankali.

Mu ma mun tuna, ko da yake ba wanda ya so ya fara faɗa. A watan Janairu, lokacin da ake fama da ƙarancin takardun naira, tsohon faifan na'urar ya fara ƙara kamar ana taunar tsakuwa, muka haɗa kuɗi da ƙyar muka sayo sabo irin wanda ba ya juyawa, wato SSD. Injiniya ya yanka shi biyu, ya kwashe komai ya mayar. Duk yankin da aka tsara sabo yakan sami sabuwar lamba. Ya gyara lambar babban yanki a inda ya kamata, ta ƙaramin kuwa ta shige masa. Da aka kunna, na'urar ta tsaya tana jiran yankin da babu shi, tana ƙirga daƙiƙa har casa'in, sa'an nan ta ƙi ƙarasawa, ta tsaya a baƙin allo tana neman a zo a duba. Ya ce mu ba shi rabin awa ya gano dalili. Magariba ta gabato, akwai wasan ƙwallo da wasunmu ke son kallo, Malam kuma na jiran a buga masa wata takarda da safe. Mu ne muka tsaya a kansa muna cewa, "Kai dai ka sa ta tashi, gobe ka duba." Sai ya ƙara wannan kalma guda, wadda ma'anarta ita ce: in ba a sami wannan yanki ba, a wuce, kada a tsaya. Ta tashi, muka yi masa tafi. Goben ba ta zo ba. Auta a lokacin ko shiga kwamitin ba ta yi ba.

Muka koma rajista muka ja ta baya. Ga shi nan, a kowace tashi tun daga Janairu: an jira na'ura mai lamba kaza har lokaci ya ƙare, jona /boot bai yiwu ba. Wata biyar tana rubuta wannan kowace safiya, a wurin da ba mu dubawa. Kalmar nofail ba mugun abu ba ce, an yi ta ne don irin faifan da ake cirewa a tafi da shi, wanda rashinsa bai kamata ya hana na'ura tashi ba. Sa ta a kan ɗakin tashi kuwa, tare da lambar da ta mutu, daidai yake da cire wa mai gadi harshe don ihunsa na hana barci. Kuma abin da muka so yi wa hidimar nan ranar Litinin da la'asar ke nan, ba bambanci.

Muka ɗauka an gama, a gyara lamba a jona. Muka gyara, muka ba da umarnin jonawa, sai na'urar ta ce unknown filesystem type vfat. Injiniya ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ƙa'idar UEFI ce ɗakin tashi ya kasance a tsarin FAT, tsohon tsarin Microsoft da ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1970, irin wanda filashi da yawa ke amfani da shi. Ƙwayarmu kuwa ba ta jin FAT sai da tafinta, tafintan kuma yana cikin waɗanda aka sallama. Don a sami tafinta sai an tashi da sabuwar ƙwaya, don a tashi da sabuwar ƙwaya sai an shigar da ita ɗakin, don a shiga ɗakin sai da tafinta. Makulli na cikin ɗakin da aka kulle. Daidai nan Baba mai gadi ya leƙo ya ce, "Samari, goma ta wuce, zan rufe." Muka roƙe shi minti goma, ya ba mu biyar.

Ranar Laraba muka ari kwamfutar tafi-da-gidanka ta wata abokiyar karatunmu, muka sauke hoton manhajar Arch, kusan megabayit 800, muka zuba a filashi. UEFI tana da nata ilmin FAT, ba ta buƙatar tafintan kowa, don haka ta tashi daga filashin ba gardama, da sabuwar ƙwaya da cikakkun mutanenta. Abin da muka fara yi, kafin mu taɓa komai, shi ne kwashe muryoyin dattawa da shafukan mujalla zuwa wani faifai da Malam ya kawo daga gida. Sai da muka ga fayil na ƙarshe ya wuce sa'an nan wani ya iya yin magana. Daga nan muka jona ƙaramin yankin a gefe muka leƙa: ga EFI, ga loader, ga tsohuwar ƙwaya da kwanan watan Janairu, ba abin da ya taɓa ta. Muka kwashe abin da ke bayan labule, domin in an jona ɗakin a kansa zai ɓuya ne a ƙarƙashi yana cin wuri ba mai ganinsa. Muka jona yankin a mazauninsa, muka shiga manhajar da umarnin arch-chroot, muka sake girka ƙwayar, wannan karon ta faɗa cikin ɗakin. A fstab muka tabbatar da lambar harafi-harafi, mutum biyu suna karantawa ɗaya na dubawa, muka goge nofail.

Daga baya, da Injiniya ya dawo, ya ce da ya natsu a daren nan da ya tuna akwai gajeriyar hanya. Arch ba ta zubar da ƙunshin manhajojin da ta sauke, tana tara su a wata ma'ajiya, kuma ƙunshin 6.1 na nan a ciki. Da mun mayar da shi na ɗan lokaci, da tsofaffin tafintoci sun dawo, a jona ɗakin, a sake sabuntawa, ba filashi ba aron kwamfuta ba sayen data. Ba mu ji haushi sosai ba, don ta doguwar hanyar ce muka sami kwafi na biyu na muryoyin, abin da wata bakwai ba mu yi ba.

Da aka zo kunnawa, Edita ya matsa gefe ya ce Auta ta danna. Ta ce a'a, Yaya ya danna. Rubutu ya gudu, ba ja ko ɗaya. Uname ta ce 6.3, jerin hidimomin da suka gaza ya fito babu komai, findmnt ta nuna /boot a kan ƙaramin yanki. Aka buɗe jakar dattawa, sai ga muryar tsohon nan ta cika ofis, yana ba da labarin yadda ake jera goro a cikin ganye a ɗaure huhu. Mun kai shafukan maɗaba'a ranar Alhamis da hantsi.

A ranar da yamma muka ba Auta haƙuri, mu biyar har da Injiniya a waya. Edita ne ya yi magana, ya faɗi abin da ya faru a Janairu bai rage komai ba, ya kuma ce in ba don littafinta ba da yanzu an wanke faifan. Ta saurara kanta a sunkuye, ta ce, "Ba komai, Yaya, Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ta ci gaba da zuwa taro, ta gyara shafuka fiye da kowa, a shekarar da ta biyo baya ma ita aka zaɓa Edita. Amma har muka bar jami'ar, in aiki ya kai ga kwamfutar, sai ta rubuta abin da take so a takarda ta miƙa wa wani ya buga. Takardar umarnin da Injiniya ya liƙa a bango tana nan, an ƙara layi ɗaya a samanta da jan biro, cewa a buga findmnt /boot kafin a sabunta. Rubutun hannunta ne, ba mu kuma san ranar da ta rubuta shi ba.